Man Gyaɗa a Cikin Motar Ƙanena

A gidanmu da hanci ake sanin mai. Uwata ta yi sana'ar ƙuli-ƙuli har ta tsufa, matata ta karɓi turmin da kaskon, ni kuwa na tashi ina jin ana cewa man da ya yi wari ya mutu, sai dai a zubar. Da wannan ilimin na shiga ƙarƙashin motar ƙanena.

Ƙanen nawa direba ne. Wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya yake ja, yana kwasar mutane da kaya daga Matamaye zuwa kasuwannin ƙauye, Tsauni, Kurni, Dawce. Ba shi da gona, ba shi da lambu. Abin da motar ta samo shi iyalinsa ke ci. Wata shekara ciwon yanar ido ya rufe masa ido ɗaya, aka ce sai an yi masa aiki a Damagaram, kuma ba zai taɓa tuƙi ba sai idon ya warke. Ya kawo motar ƙofar gidana, ya ajiye ta ƙarƙashin bedi, wato itacen dogon yaro.

"Yaya, ga makulli," in ji shi. "Ka riƙa tayar da ita da safe don kada batir ya kwanta. Ban da wannan, ko kashin tsuntsu ka gani a kanta, bar shi."

Na ce ya tafi da zuciya ɗaya.

Wata safiya ta ƙi tashi. Ni ina da injin ban ruwa a lambu, kuma ni nake buɗe abina in ya yi gardama, sai na ce ai inji duk inji ne. Na kwance buji, wato filogi, na kankare baƙin da ya daskare a bakinsu. Na cire tiyon mai na zuƙa da baki, wani abu mai tsami da tsatsa ya cika mini maƙogwaro, na yini ina tofar da yawu, tuwo ma ya ƙi shiga. Amma da na murɗa makulli ta tashi. Wannan tashin shi ya kashe ni. Da ta ƙi, da na rufe ta na nemi mai gyara.

Daga nan na fara fita da ita, wai don ta motsa jiki. Daga motsa jiki sai ɗauko rake daga lambu. A nan na ji bitas, wato giyar mota, na gardama: in na taka ambirayaj, wato kuloci, zan sauya, sai ta yi ƙarrr, kamar ana tauna tsakuwa. Na ce a raina bwat ne, wato akwatin ƙarfen nan da haƙoran bitas suke ciki. Na shimfiɗa buhu, na kwanta, na kwance notin ƙasa, na tara tsohuwar tasa.

Abin da ya zubo, Allah ya raba bawa da shi. Baƙi ne mai kauri, yana jan zare kamar miyar kuɓewa, warinsa kuwa ruɓaɓɓen ƙwai da mushen jaki a haɗe. Ya bi hannuna har cikin hammata. Matata ta leƙo daga zaure da mayafi a hanci.

"Malam, masai ka fasa?"

"Man motar ne ya ruɓe. Yaron nan bai san kula da abinsa ba."

Taubashina, wanda ke ɗinki a rumfar da ke kallon gidana, ya bar keke ya taso. Tun muna yara ba ya ganina ya ƙyale.

"A'a, injiniyan rake! Yau kuma tiyata ake? Ƙane na can ana masa a ido, wa na nan yana yi wa mota a hanji."

"Matsa ka sansana, ɗan banza, ka gaya mini ko wannan mai ne."

Ya sansana, ya ja baya yana tari. "Wallahi ko bara nake aka ba ni wannan, sai na kai ƙara wurin mai unguwa."

Shi ke nan shawarar da na nema. Na kai tasar bayan gida na juye a rami, na ɗauraye bwat ɗin da kananzir kamar yadda nake yi wa injin lambu. Sai na shiga ɗakin matata na ɗauko man da ta matse jiya, garau, ƙamshinsa har waje. Ta tare ƙofa.

"Wannan na masu ƙosai ne, sun yi magana."

"Na ƙanena ya fi na masu ƙosai. In zan sa masa, mai kyau zan sa."

Har yau wannan maganar ce ta fi ba ni ƙyama, don da gaske na faɗe ta, ina jin kaina mai zumunci.

Na ɗura man gyaɗar a bwat ɗin. Ƙarar ba ta tafi ba, amma na ce ta ragu. Motar in ta yi zafi sai ta riƙa ƙamshin suya, taubashina na ɗaga murya daga rumfa yana cewa a zuba masa ƙosan shan koko. Ban daɗe ba na fara ganin tururuwa sun yi hanya zuwa ƙarƙashinta, kajin gida na tonon wurin. Kiyashi suka hau taya suka shige ciki. Na zuba toka na koma harkata. Ban tambayi kaina me tururuwa ke ci a ƙarƙashin mota ba. Man ne ke ɗiga, don bai da kaurin da zai tsaya, ƙasa da ƙwari suna shanye shaidar kafin in fito.

A hanyar Tsauni ta tsaya, da rake a bayanta, rana tsaka, cikin yashi. Ta yi wata ƙara, sandar bitas ta ƙage a hannuna, ko gaba ko baya. Shanun amalanke suka jawo ta gida, ina tafe a gefe, duk wanda muka wuce sai ya yi mini sannu.

Ƙanena ya dawo da baƙin tabarau a fuska, an ce kada ya sunkuya da yawa. Na gaya masa komai a tsaye. Ya sa aka sauke bwat ɗin a kan tabarma, ya buɗe da kansa. Abin da ya rage na man ya zama danƙo ja, ya yi maƙaƙi irin na tsohon kasko, ga garin ƙarfe da gawar kiyashi a cakuɗe. Haƙoran sun cinye juna. Wannan warin ya fi na farko muni, don na san shi, warin kicin ɗinmu ne da ya lalace.

"Yaya, wancan da ka zubar yana ina?"

"Ya ruɓe. Wari yake."

"Haka yake wari tun yana sabo. Kafin in tafi na sa shi."

Ya miƙa hannu wajen wayar ambirayaj, ya taɓa wani ɗan noti. Ya ce ita ce ta saki, ya sani, ya bari ne sai ya dawo. Murɗawa kaɗan take so. Ya goge yatsunsa a tsumma a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Na so ya zage ni. Sai ya ce, "Allah ya rufa asiri," ya tambayi lafiyar yara.

Ba a samu bwat irin nata da wuri ba. Motar ta zauna ƙarƙashin bedi har tayoyi suka sace, shi kuwa ya koma ja wa wani Alhaji mota, mutumin da a da tare suke jiran fasinja a tasha. Ni kuma ran da matata ke suya, lambu nake tafiya in yini.

Zumunci bai yanke ba. Yana zuwa gaisuwa, yana cin tuwona. Amma da Babbar Salla ta matso aka aike shi Agadas da kaya, ina zaune a ƙofar gida na gan shi tafe da ragon layyarsa a igiya. Na miƙe zan buɗe masa garke. Ya tsaya ya gaishe ni da ladabi, ya tsallaka hanya, ya ɗaure ragon a turken taubashina.