Alhaji Buhari Mai Hoto da Sabuwar Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Alhaji Buhari mai hoto a unguwar Gidan Dare ya san rularsa ta katako. Kafin ya buga hoto sai ya manna ta a gilashin kwamfuta ya auna kan mutum. Na shiga shagunan hoto a Alkahira da Istanbul, ban ga mai auna gilashi ba sai aminina.

Lokacin da ɗansa ya aiko masa da sabuwar kwamfuta, idonsa ya fara rauni, ga kuma aikin da ya ɗora wa ransa: gyara hoto ɗaya tilo na marigayiya matarsa Inno, wanda ruwan sama ya ɓata. Gilashin sabuwar tar yake, amma komai ya ƙanƙance, rubutu da maɓallan gyara sun koma kamar ƙwayar gero.

Na ce, "Alhaji, akwai wurin da ake ƙara girman rubutun."

"Idona lahiya lau! Masu injin ne sunka yi rowar tawada."

Kai, Buhari! Da wani maniyyaci ya zo hoton fasfo, sai Alhaji ya ga kan bai kai awon rula a sabon gilashin ba, ya yi ta ƙara shi har ya kai. Hoto ya fito fuska ta cika takarda. Mutumin ya ce, "Alhaji, ina hulata?"

"Makka za ka. Wa ka ihrami da hula?"

Hoton Inno kuwa ya ƙi gyaruwa. Zai nemi abin goge tabo, sai ya danna na yanka. Wata la'asar ya kira ni, ya tura ƙofar shago.

"Ɗan yawon duniya, ƙara man girman abinga. In kowa ya ji, ni da kai."

Na shiga saitin na ninka girman, muka rufe manhajar gyaran hoton muka sake buɗewa. Komai ya fito ɓaro-ɓaro. Bai ce na gode ba, aiki kawai ya kama, yana cire tabo a hankali har fuskarta ta bayyana. Ya daɗe yana kallo.

"Diba, har yanzu hararata takai. Ni nis sa ta tsayuwa cikin rana."

Ya yi dariya yana share ido da hannun riga.

Allah Ka jiƙan Buhari, Ka jiƙan Inno, Ka haɗa su a inuwar Aljanna. Amin.