Idi Hawwil da Rediyonsa Biyu

Ku da kuka zauna da mu a unguwar Al-Naseem ta Riyad kun san marigayi Idi, mutumin Damagaram, ba ya rufe magana sai da "hawwil", abin da masu rediyon oba-oba ke faɗa in sun gama tasu suna jiran taka. "Miƙo min gishiri, hawwil." "Wa ya sa takalmina, hawwil?" Ko matarsa ya kira can gida, sai ya ce, "Ki gaida yara, hawwil." Ita kuwa baiwar Allah shekara da shekaru tana amsawa da amin, ta ɗauka addu'a ce!

Ɗakinmu ɗaya da shi. Yana tuƙa a-kori-kurar kafilinsa, wato ubangidansa Balarabe, yana kai tayil wuraren gini a Dir'iyya, ni kuma ina fenti a can, don haka kullum da safe a motarsa nake tafiya. Da ma yana da oba-oba da yake surutu da direbobin manyan motoci. Sai wata Juma'a ya dawo daga kasuwar gwanjo rungume da wani tsohon akwati baƙi.

"Tsalha, yau na gama da shurɗa. Wannan duk abin da 'yan sanda ke faɗa yana ji, hawwil."

Na ce, "Idi, iƙamarka ta zaman ƙasa lafiya lau, lasisinka lafiya lau. Me kake gudu?"

"Ku mutanen Maraɗi ba ku san tsaro ba."

Ya haɗa su biyun a waya ɗaya da lasifika ɗaya, ya cire ƙarfen labulen ɗakinmu ya kafa a kan mota wai eriya. Daga ranar, in ya danna hon rediyo ya kama, in ya danna rediyo abin share gilashi ya hau rawa. Wai haka na Turawa ma yake.

Da safe muna fita unguwa sai akwatin ya yi ƙara, wata murya ta ce da Larabci, "Kaji biyu, ba albasa, yi sauri!"

Idi ya taka birki har na sumbaci gilashi. "Ka ji ko? Zaurance ne. Kaji mu ne baƙi. Albasa iƙama. Sun kama mutum biyu!"

Ya ɗauki oba-oba ya shelanta wa duniya a guji wannan titi. Wallahi watanni muka yi muna zagaye ta Al-Murabba, muna makara, shugaban aiki na zaginmu. Sai ranar da na je sayen abinci a wani shago bakin titin, na ji wannan muryar dai da kunnena, wani ɗan Bangali ne da abin magana a kunne yana yi wa masu girki ihu. Na dawo na gaya wa Idi. Ko gezau!

"To, ka ga wayonsu ke nan. A gidan kaza suka ɓuya."

Babbar rigimar kuwa, tunda ya haɗa su, in ya yi magana a oba-oba sai akwatin ya cafke ya maido masa da muryarsa a shaƙe. Idi ya rantse akwai Bahaushe cikin 'yan sandan Riyad.

"Wa ke nan, hawwil?"

"Wa ke nan, hawwil?"

"Ni na fara tambaya!"

"Ni na fara tambaya!"

Ya juyo yana huci. "Tsalha, wannan yaron ba shi da tarbiyya." Mako guda suna gaba. Daga baya suka shirya, har na ji yana cewa, "Mutumin kirki ne fa. Duk abin da na kawo, ra'ayinmu ɗaya."

Ranar da 'yan sandan gaske suka tare mu saboda ƙarfen labulen, na san irin wannan akwati kan iya sa a ɗora mutum a jirgi sai gida. Jami'in ya duba takardunmu, ya nuna akwatin ya ce a kunna. Idi ya danna hon. Abin share gilashi ya motsa, murya ta ce, "Shawarma huɗu, a ƙara tafarnuwa!"

Jami'in ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza. Ya kira abokin aikinsa, aka sake kunnawa. Ƙarshe suka kwance akwatin suka ce mu tafi, kada a kuma. Ina ta hamdala, Idi ya leƙa ta taga ya ce da gurguwar Larabcinsa, "A gaida min Bahaushenku. A ce masa ba ni na yanke zumunci ba."

Ranar jana'izarsa muka ga baƙin fuskoki a sahu, direbobi 'yan Sudan da Yaman da Pakistan. Wani dattijo ɗan Sudan ya riƙe hannuna ya ce tayarsa ta taɓa fashewa a bayan gari da tsakar rana, ba ruwa, ba kowa. Idi ne ya amsa kiransa a oba-oba, ya yi ta yi masa surutu don kada ya suma, har ya iso da jarkar ruwa. Bai taɓa gaya mana ba, mutumin da ko atishawa ya yi sai ya ba da labari.

Allah Ya jiƙan Idi, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar, Ya sa ya huta. Amin.