Burodin da Aka Kife a Talabijin

Madam Ghislaine ta shekara arba'in tana gasa burodi a garinmu Vaurel, kuma ban taɓa jin ta yabi wani abu da ya fito daga Paris ba. Ni Honoré, ni ke raba wasiƙun garin, don haka abin da ban ji a shagonta ba nakan gan shi a bayan ambulan.

Da aka fara shirin talabijin ɗin nan, Mako Guda a Ƙauye, ita ta fi kowa kushe shi. Shirin ba wani abu ba ne: a kwaso 'yan birni a sauke su gidan manomi, kyamara na bin su, su je tatsar saniya ta harbe su, kowa ya sha dariya. 'Yan jarida suka ce shirme ne, ba zai kai baɗi ba. Fadan cocinmu ma ya yi wa'azi a kansa. Sai ga shiri ya shekara goma sha biyu, har Fadan da kansa ya matsar da addu'ar yammacin Lahadi don kada kallo ya wuce shi.

"Ƙaryar banza," in ji Ghislaine kowace Lahadi, tana jan kujerar gaba a shagon shan kofi na Firmin, inda muke taruwa kallo. "Dubi yadda wancan ke riƙe bokiti, sai ka ce jaririn wani aka ba shi."

"To me ya kawo ki?" Firmin zai tambaya.

"Na zo ganin iyakar rashin kunyarsu. Ƙara sauti, ka cika surutu."

Abu ɗaya ne ba a yi mata wasa da shi: Solène, 'yarta tilo. Shekara tara ke nan da yarinyar ta ce ba za ta gaji sana'ar burodi ba, uwar ta ce to ta tafi, Paris za ta wanke ta har ta manta gidansu. Tun ranar ko wasiƙa ɗaya ba ta bi ta hannuna tsakaninsu ba. Kullum na shiga shagonta sai Ghislaine ta dubi jakata kafin ta dubi fuskata. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Wata Lahadi, cikin baƙin da shirin ya sauke a wata gona, sai ga Solène, gashi a rine, takalmi mai tsini cikin taɓo. 

"Wannan 'yar Paris ce," Ghislaine ta ce. "Ban san ta ba."

Aka nuno su a teburin abinci. Wani ɗan gaye ya gutsuri burodi ya ajiye shi a kife. Mu nan ba a kife burodi, tsiya yake jawowa. Hannuna ma ya sha dukan Ghislaine a kan haka. Solène tana tsakiyar magana, ko kallon teburin ba ta yi ba, ta miƙa hannu ta juya burodin, ta zana masa gicciye da bakin wuƙa, sannan ta yanka.

"Kai, camfi!" ɗan gayen ya ce yana dariya.

"Da a gaban Mamana ka yi, da ka sha mari," ta ce. "Duk Faransa babu mai burodi kamarta. Ba da haƙuri ne kawai ba ta iya ba. Ni ma haka."

Muka zuba wa Ghislaine ido, muna jiran "ƙaryar banza". Ba ta faɗa ba. Ta ce hayaƙin sigarin Firmin ya shiga mata ido, alhali Firmin ya bar sigari tun bara.

Washegari ta tare ni a ƙofar shagonta da ƙunshin burodi mai ɗumi. Ta zaro wata takarda daga aljihun rigar aikinta. Adireshin Solène ne, takardar ta yi laushi don yawan ninkewa, garin fulawa ya cika ta. Ashe shekara tara tana yawo da ita.

"Rubuta mini shi a kan ƙunshin," ta ce. "Kuma Honoré, in ka kife shi a jakarka, ni da kai ne."