Kafin Ya Fara Rarrafe

Na koma aiki bayan haihuwata ta fari a tsakiyar bazara, lokacin da a Arlit ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana. A gida Damagaram na haihu kamar yadda aka saba, na yi wankan jego a ɗakin uwata, hutun da aka ba ni ya ƙare, na hau kar, babbar motar fasinja, da jariri a cinya na kamo hanyar arewa. Wanda ya san hanyar Agadas zuwa Arlit ya san ba ta mai jego ba ce. Na iso jikina duk ya yi tsami, amma raina fari ƙal, don ina son aikina kuma na yi kewarsa.

Ƙaramin reshe ne na wani kamfanin inshora, asirans kamar yadda kowa ke cewa a nan. Mu uku ne kacal a ciki. Ni ce a teburin gaba, mai karɓar direbobin kamyo, manyan motocin kaya, da masu motocin da ke shiga daji wajen haƙar zinariya, da ma'aikatan kamfanin yuraniyom masu zuwa sabunta takardun motocinsu. Akwai wani Ba'adare mutumin Tawa, shi ke fita duba motar da ta yi hatsari, mutum mai baki kamar rediyo, ba ya gajiya da tsokanata. Sai shef ɗinmu, shugaban reshen, dattijo Buzu mutumin Abzin, dogo, mai magana a hankali, wanda ko a biro, wato ofis, ba ya rabuwa da rawaninsa. Hausarsa ba ta damu da mace ko namiji ba, kowa "kai" ne a bakinsa, har na saba na daina jin abin.

Kafin in tafi haihuwa mun gama magana da wata maƙwabciyata 'yar Maraɗi, ita za ta riƙe mini yaron in na tafi aiki. Da na dawo sai na tarar da kwaɗo a ƙofarta. Aikin mijinta ya ƙare, sun kwashe kayansu sun koma gida, kamar yadda gidaje da yawa suka watse a unguwarmu a shekarun nan. Maigidana kuwa kayan masarufi yake kaiwa Tchibarakaten, wajen masu haƙar zinariya can cikin sahara, in ya tafi sai dai a gan shi kawai. Na kira uwata ina kuka, ta ce abin ai mai sauƙi ne: ko in ajiye aikin in dawo gida, ko in kawo mata yaron ta rene shi da madara. Na ce to, na kashe waya, na zauna na ci gaba da kukana. Ba na son ko ɗaya daga cikin biyun.

Ranar farko na goya shi na lulluɓe da mayafi na tafi biro a haka. Na shimfiɗa zane a ƙarƙashin teburina na kwantar da shi, ina ta addu'a Allah Ya sa barci ya ɗauke shi. Ai kuwa direba na farko yana sallama, yaro ya tsala ihu. Zafi ne, fankar da ke kanmu iska mai zafi kawai take kaɗawa. Shef ya fito daga ɗakinsa, ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya dube ni. Na sunkuyar da kai na shirya jin faɗa.

Ya koma ɗakinsa, wanda shi kaɗai ne mai kilim, na'urar sanyaya ɗaki, a duk ginin, ya jawo kujerarsa ya fito da ita cikin lungun da ke tsakanin teburina da bayan gida. Ya kira Ba'adaren suka ciccibo teburinsa. Sannan ya ce, "Madam, ka kai shi ciki. Nan akwai sanyi."

Na ce, "Shef, kai fa?"

Ya ce shi a bayan raƙumi aka rene shi, zafi bai san shi ba. Ƙarya yake yi, na sha ganin gumi ya jiƙa masa rawani, amma tun daga ranar bai sake zama a ɗakin ba.

Akwai wani abu da ya daɗe yana ba su dariya. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa masa, saboda haka ba na kiran sunansa, ba na masa wasa a gaban mutane, ko kallonsa ba na tsawaitawa. Haka na taso na gani a gidanmu, haka kuma jikina ya karɓa. In zan shayar da shi sai na shiga na tura ƙofa. In wani ya tambaye ni lafiyarsa sai in ce yana nan, in kawar da kai. Ba'adaren ya samu abin yi. Sai ya ɗauko shi ya tsaya gabana yana rawa da shi, yana cewa, "'Yar Damagaram, dibi yaron ga, wai ɗiyan wa na? Mun tsince shi bakin tasha, ko kin san uwa tai?" In harare shi in ce ya je ya duba motocinsa da suka wuntsila. A raina kuwa daɗi nake ji kamar me. Wasan da kunya ta hana ni, su suka riƙa yi a madadina.

Cikin ɗan lokaci yaron ya zama na biro. Direbobi suka sa masa suna ƙaramin shef, tun da shi ne a ɗaki mai sanyi. Wanda ya fito daga Abzin ya zo da dabino ko cuku, ya ce na ƙaramin shef ne, mu manya mu cinye da shayin Ba'adare. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, shef ya jiƙa ƙyalle ya rataya a taga, ya zauna yana yi masa fifita da kwali. Na taɓa jin sa ta bayan ƙofa yana masa waƙa da harshensu, ƙasa-ƙasa. Aiki kuma bai tsaya ba. In na shiga shayarwa, Ba'adaren ya zauna a kujerata ya riƙe mutane da surutu har in fito. In shi ya fita duba hatsari ya daɗe, ni ke karɓar masu nemansa. Ba wanda ya taɓa cewa wannan ba aikina ba ne. Na yi aiki a wani wuri kafin nan, inda kowa ke gadin kujerarsa yana jiran ɗan'uwansa ya yi tuntuɓe, don haka na san abin da na samu.

Wajen farkon damina aka aiko mana cewa mai bincike yana tafe daga babban biro na Yamai. Ba'adaren ya kawo shawara a kai yaron wurin mai tuwon da ke bayanmu har baƙon ya tafi, a mayar da tebur ciki, a share wuri. Ni ma na yarda. Shef ya girgiza kai ya ce abin da yake yi a gaban Allah ba zai ɓoye shi don mutumin Yamai ba. Na ji haushinsa ranar, na ce a raina shi me zai rasa, ni ce za a kora.

Baƙon ya iso da hantsi, Bazabarme ne, gajere mai tumbi, yana ta share gumi. Ashe Buzaye da Zabarmawa taubasai ne, tun daga bakin ƙofa suka fara. Shef ya ce masa an ga alama shinkafar bakin kogi ta karɓe shi, shi kuma ya ce ya yi mamaki da ya tarar da Buzu zaune wuri ɗaya bai bi raƙumi ba. Suna cikin dariya ya lura da teburin da ke lungu. Ya tambaya me ya fito da shef nan alhali ga ɗaki mai kilim a rufe. Shef ya miƙe ya buɗe ƙofar. Ga yaro kwance a tabarma, ya kama ƙafarsa yana ƙoƙarin kai ta baki.

Dariyar baƙon ta tsaya. Ya ce, "Wannan na wane ne?"

Na ga shef ya buɗe baki, na san kuma kansa zai ɗora wa laifin. Sai na ji muryata ta fito, siririya, na ce, "Ni na kawo shi."

Ya dube ni, ya ga yadda na kawar da fuska daga yaron, ya ce, "Na fari ne ke nan." Na ɗaga kai. Ya ce su ma haka suke, har yau uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ga shi da furfura.

Ya zauna ya yi aikin da ya kawo shi har azahar, bai samu abin zargi ba. Bayan mun ci abinci ya kira mu mu uku. Bai yi faɗa ba, kuma ban ga laifinsa a abin da ya faɗa ba. Ya ce mu da muke sana'ar tunanin hatsari kafin ya faru, bai kamata a tuna mana ba: ga wayoyin kuran a ƙasa, ga gawayin shayi, ga ƙofa a bakin titi inda kamyo ke ja da baya. Ya ce muddin yaro yana kwance inda aka ajiye shi, shi ba zai ɗaga maganar ba. Amma ranar da ya fara rarrafe, zamansa a biro ya ƙare. Ya sa shef ya ba shi alkawari, shef ya miƙa masa hannu.

Tun daga ranar muka zama mutanen da ban taɓa ganin irinsu ba, masu fargabar yaro ya yi rarrafe. Ko'ina murna ake yi in jariri ya fara zama, mu kuwa da ya zauna sai muka dubi juna. Ba'adaren in ya shiga ya tarar ya kifa cikinsa yana kafa gwiwa, sai ya mirgina shi rigingine ya ce, "Kwanta, yallaɓai, ina za ka? Duniyar ga ba ta da sauri. Mu da munka tashi mi munka samu?" Wani direba ya ce a riƙa sa masa abin wasa a nesa don ya miƙa, Ba'adaren ya kusa korarsa daga biro.

Ni kuma ban zauna ba. Na bi unguwa ina neman mai reno. Wata ta ce sai dai in kai shi can ƙarshen gari, inda ba zan iya zuwa shayarwa ba. Wata na tarar da nata 'ya'yan suna wasa kusa da murhu ba mai kallonsu, na yi sallama na juyo. Wata muka shirya, ranar da za ta fara aka ce ta bi mijinta daji. Uwata kuma duk waya sai ta tambaya, "Ya fara?" In ce tukuna. Ta ce ɗakinta yana nan a share. Ina son uwata, amma a watannin nan in na ga kiranta sai gabana ya faɗi.

Ranar da abin ya faru ina cikin yi wa wani mai mota bayani, biro cike da mutane. An bar ƙofar ɗakin a buɗe saboda kuran ya ɗauke. Sai na ga masu jira suna kallon ƙasa suna murmushi. Kafin in waiga na ji an kama mini ƙafa. Ya ratso ɗakin, ya wuce lungun shef, ya zagayo teburina, ya riƙe bakin zanena yana dubana yana dariya, shi a dole ya yi abin kirki.

Direbobi suka hau barka. Ba'adaren ya ajiye butar shayi ya ce, "Kai, ka kashe mu." Ni kuwa na ɗauke shi na ɗora a cinya, hawaye suna zuba, ban san na murna ba ne ko na baƙin ciki. Na gama da mai motar da hannu ɗaya. A raina har na fara tunanin yadda zan gaya wa shef na ajiye aiki, don na riga na san ba zan iya sa shi a kar in kai wa uwata in dawo ni kaɗai ba.

Da mutane suka ragu shef ya jawo kujera ya zauna gabana. Ya ce, "Na ba taubashina magana, ba ni karya ta." Na ce na sani, Shef, na gode da abin da aka yi mini. Ya ɗaga hannu ya ce in bari ya gama. Ya ce tun ranar da ya ga yaron yana kafa gwiwa ya aika garinsu, inda matarsa ta je taya uwarta aikin lambu, ya ce ta dawo. Ta iso shekaranjiya. 'Ya'yansu duk sun girma sun watse, gidan ba kowa, kuma gidan nan ne bayan masallaci, ko da ƙafa ba nisa.

"Gobe ka kawo shi," in ji shi. "Ya riga ya sayi tabarma."

Matar yake nufi. Sai na ce masa Baba, wanda ban taɓa kiransa da shi ba.

Washegari na kai shi. Dattijuwa ce fara, siririya, Hausarta ba ta da yawa. Ta karɓe shi daga bayana, ta shinshina kansa, ta yi mini nuni da hannu in tafi aikina. Na tafi ina waige.

Biro ya yi tsit a safiyar nan. Ba'adaren ya dafa shayi ya manta bai sa sukari ba, ya ɗora laifin a kaina. Shef ya yi ta buɗe takarda ɗaya yana rufewa. Da rana ta take na ɗauki mayafina na ce zan je in shayar da shi in dawo. Ban kai ƙofa ba Ba'adaren ya miƙe ya ce akwai wata mota da zai duba can wajen masallaci. Shef ya ce shi ma ya manta tabaraunsa a gida, ga shi kuwa a hancinsa. Muka tsaya muna kallon juna, don dole mutum ɗaya ya zauna ya tsare biro, kuma ba wanda ya yarda shi ne.