Sunan da Yuguda Ya Ƙi Raɗawa

Duk unguwar Briqueterie an san Yuguda da taurin kai, amma ba wanda zai ce ba shi da ladabi. Wansa Hamadu ne ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, da keken ɗinki ya kai shi har jami'a ya karanto kwamfuta. Ya dawo da gemunsa da takardunsa, amma ko a kujera ba ya zama in Hamadu na tsaye.

Hamadu gwanin aikin wuyan riga ne. Da injinan surfani masu kwamfuta suka shigo unguwa, sai ya ga zanen da ya gada wurin tsofaffi zai bi ruwa, don inji ba ya jin bayani da baki. Yuguda ya zauna ya ƙirƙiro tsarin ajiye zane a fayil: launin zare, inda allura za ta shiga, inda za ta fita, har da sunan mai zanen. Teloli suka yi ta sa albarka. Sai dai in ka tura fayil ɗin, na'urar can ba ta san ko mene ne ba. Kowane irin fayil yana da sunan da na'urori suka san shi da shi, dangin hoto daban, na sauti daban, na manhaja daban, kuma akwai wata hukuma a ƙetare da ke rajistar sunayen. Masu kawo injinan daga Douala suka ce a yi rajista tukuna, sannan su koya wa injinansu.

A nan 'yan'uwan suka yi gardamar da ba su taɓa yi ba. Hamadu ya ce a sa shi a dangin hoto, ai zane ido ke ganinsa. Yuguda ya ce umarni ne ga inji, dangin manhaja ya dace. Da gaskiyarsa, ya kuma san da gaskiyarsa. Amma a gidansu ƙarami ba ya raɗa suna babba na raye. Ya dakatar da rajistar, yana jiran wansa ya sauko da kansa.

Shekarun nan ne arewacin ƙasar ya rikice da hare-hare. Hamadu ya tafi ɗauko gwaggonsu daga wani ƙauye bayan Mora, ya ce in ya dawo za su ƙarasa maganar. Aka tsinci motar da ya shiga a gefen hanya, ƙofofi a buɗe. Ba gawa, ba labari.

Yuguda ya je Maroua, ya bi asibitoci da gidajen yari, ya dawo ya rame kamar kara. Gajere, telan da ke ɗinki a shagonsu, ya yi ta yi masa mita ya yi rajistar nan mutane su huta. Amsa ɗaya yake bayarwa: Yaya bai dawo ba. Da shekaru suka ja, dattawa da malamai suka ce lokaci ya yi da Jaratu, matar Hamadu, za ta shiga takaba. Ta ce ba za ta shiga ba sai ran da Yuguda ya fidda rai. Shi kuwa ya ƙi, ya bar baiwar Allah a rataye, ba matar aure ba, ba mai takaba ba.

Teloli suka gaji suka koma tsarin Turawa, wanda babu ruwansa da sunan mai zane. Wata rana a tasi Yuguda ya ga zanen wansa a wuyan rigar wani mutum. Ya tambaye shi aikin wa ne, mutumin ya ce na inji ne. Abin ya ci shi ƙwarai. Ya sauka ya aika neman rajista, amma yadda Hamadu ya so: dangin hoto, kuma a gurbin wanda za a tuntuɓa ya sa sunan Hamadu da adireshinsa na imel.

Mai duba takardu a hukumar ya amso cikin mutunci. Ya ce tsarin ya yi kyau, amma ba hoto ba ne, dangin manhaja ya dace. Yuguda ya ci gardamar ke nan, bai kuwa taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Mai dubawar ya ƙara da cewa sun rubuta wa Hamadu ba amsa, kuma ba sa rajista sai da wanda in an kira shi zai amsa.

Yuguda ya daɗe zaune a shago yana kuka, Gajere ya kashe kekensa ya fita ya ba shi wuri. Sannan Yuguda ya gyara takardar ya aika.

Ran da amsa ta zo, ya tarar da Jaratu a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Adda, sun karɓa."

Ta ce Alhamdulillahi, ta tambaye shi da sunan wa.

"Da nawa. Na cire na Yaya."

Ta ajiye faifan a ƙasa, ta kai hannu ta cire 'yan kunnenta, ta shiga ɗaki.