Magagi Makaɗin Noma da Ƙwayar Gayya

Duk wanda ya taɓa riƙe hauya a ƙauyukan da ke tsakanin Tabla da Filinge ya san muryar Magagi, ko da bai san fuskarsa ba. Gara ma muryar, domin fuskar ba ta da wani abin kallo. Ɗan tsamurmurin dattijo ne, kuncinsa na hagu kullum a kumbure da garin taba da kanwa, ga wata hula da ta sha damina fiye da ashirin. Amma in ya rataya gangar noma ya buɗe baki, ko ragon gari sai ya ji hannunsa na ƙaiƙayin aiki.

Kiɗan nan gado ne. Ubansa ya yi wa manoman wannan ƙasa ta Kurfai har ƙarfinsa ya ƙare, shi kuma ya karɓa tun bai yi gemu ba. Idan mai gona ya kira gayya, samari suka jeru kowa da layinsa, Magagi yana biye da su yana kiɗa yana sa ido. Wanda ya tsere wa sa'o'insa shi ke samun kirari, a ambaci sunansa da na ubansa da na kakansa, 'yan matan da suka kawo fura su rangaɗa guɗa. Ba a ba da kome bayan wannan, amma akwai magidanta masu furfura da har yau suke tuna ranar da sunansu ya fita daga bakin Magagi.

Abu ɗaya ya daɗe yana ci masa rai: bai taɓa yi wa jininsa kirari ba. 'Ya'yansa mata ne, jikansa namiji kuma ɗaya ne, Yazid, ɗan 'yarsa Hajara. Yaron yana karatu a kolej a Filinge, sai hutun damina yake dawowa gida. Siriri ne, kuma a gayya shi ne na ƙarshe ko mai bi wa na ƙarshe. Tun da tsakanin jika da kaka babu kunya, Magagi ba ya raga masa.

"Ɗan lakwal, hauya ta, ba alƙalami ba!" haka yake ce masa gaban kowa, yana yi masa gorin zama ɗan makarantar boko. Yazid kuma ya amsa, "Tsoho, kai da ba ka taɓa noman ba, dukan hwata kaɗai ka iya." A yi dariya a wuce. Magagi bai taɓa tsammanin dariyar tana bin yaron har gida ba.

Daminar da Yazid ya cika shekara goma sha shida, abu ya juya. Ranar noman fari aka ga ɗan lakwal ya sunkuyar da kai ya yi gaba, ya wuce sa'o'insa, ya wuce har da ƙarti masu iyali. Magagi ya ji kansa ya yi girma. Ya matsa kusa yana duka kamar zai fasa gangar, yana kiran, "Ingarman Hajara, mai cinye gona kafin hantsi!" Gayya uku a jere Yazid ke ɗaukar kirari. Magagi ya lura samarin ba sa kula fura kamar da, sun fi taruwa kan wata butar shayi a gindin gawo kafin a fara aiki. Ya ce a ransa yaran zamani ne, kome nasu daban.

A gonar wani manomi Hamani abin ya faru, rana ta take tsaka. Yazid yana kan gaba, Magagi na bayansa, sai yaron ya saki hauya ya faɗi. Jikinsa ya sandare, ya shiga fizga, kumfa na fita a bakinsa. Nan take mata suka ce iskoki ne, kuma a ƙasar Kurfai ba a neman dogon bayani kan wannan. Wata tsohuwa ta ce kiɗan ne ya yi zafi har ya kira su. Magagi kansa ya yarda da haka, cikin tsoro da wani ɗan alfahari da yanzu yake jin kunyar tunawa. Aka kai yaron gida, aka yi hayaƙi, aka ba shi rubutu. Can ya farfaɗo.

Kwana tara bayan haka ya sake faɗuwa, wannan karon a bakin rijiya, inda babu ganga babu guɗa. Hajara ba ta shawarci kowa ba. Ta sa aka ɗora shi a kan moto, wato babur, sai gidan likita, Magagi ya bi su a baya.

Shugabar wurin, wadda ake ce wa manjo, wata mata ce mai suna Latifa, gajera, marar wasa. Ta daɗe a ɗaki da yaron. Da ta fito ta tambayi wane ne Magagi makaɗi. Ya miƙe yana gyara hula, yana zaton ta ji labarin muryarsa ne.

"Baba, zamna in hwaɗa maka," in ji ta. "Jikanka ba shi da iska. Tiramol na, ƙwayar da suka zubawa cikin shayi don kar su ji jikinsu. In ta yi yawa, haka taka kada mutum, wani ma ba shi tashi. Wanga shi na yaro na ukku da anka kawo min daminar ga. Kuma duk wanda nit tambaya mi as sa, amsa guda ta: shina son Magagi shi kira sunanai."

Magagi ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Shekara arba'in yana ganin gangarsa alheri ce ga gari, yau ga wata sa'ar 'yar cikinsa ta gaya masa ita ke kora yara zuwa ga abin da zai kashe su. Ya ji haushinta a lokacin, ba ƙarya. Daga baya ya ce bai san wanda ya taɓa yi masa alheri irin nata ba, domin mutane da dama sun san maganar butar nan, ita kaɗai ta dubi idonsa ta faɗa.

Bayan an sallame su, ya sami Yazid a zaure ya zauna kusa da shi. Bai iya wa'azi ba, sai ya ce kawai, "Ka bar ta. Ni na ja maka, ka yahe min, amma ka bar ta."

Yaron ya dube shi da jajayen idanu. Da ubansa ne ya yi maganar, da sai ya sunkuyar da kai ya ce to, gobe ya koma. Amma kaka ne, kuma jika yana da bakin faɗa wa kaka abin da ya ga dama.

"Kai, tsoho, wancan da ke cikin kuncinka dabino na? In ka kwana guda ba ka sa ba, ko gaisuwa ba ka amsawa. In barin abu ba wuya, hwara ka bari mu gani."

Magagi ya so ya ce taba daban, ƙwaya daban. Ya ga in ya faɗi haka ya rasa yaron. Sai ya tofar da ta bakinsa, ya ciro ɗan battan daga aljihu ya miƙa masa. "Riƙe. Ni da kai, wanda yak koma, a hwaɗa ma gari."

Kada wani ya ce abin ya zo da sauƙi. Yazid ya yi makonni yana zufa da ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙi, abinci ya ƙi, Hajara na kai shi wurin manjo duk mako ana duba shi. Magagi kuwa ya zama abin gudu a gida. Ya yi faɗa da matarsa kan gishirin miya, ya yi faɗa da akuya, ya ci goro har haƙoransa suka rine. Sau ɗaya Yazid ya zame ya sha, kuma shi da kansa ya zo ya faɗa yana kuka. Magagi bai kai maganar gari ba. Ya ce masa shi ma jiya ya tsaya gaban mai taba a kasuwa har mutumin ya tambaye shi ko lafiya.

Sauran samarin fa? Da lokacin maimai ya zo, aka kira gayya a gonar Hamani, Magagi ya zo da gangarsa amma bai bi na gaba ba. Ya bari aka kai ƙarshen gona, sannan ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya yana tsintar hatsin da aka sare tare da ciyawa. Layukan masu gudun nan su suka fi ɓarna, domin mai ƙwaya a kai ba ya bambanta shuka da haki. Ya tara dami guda ya zube gaban samari.

"Ga tuwon Hamani da kunka kashe," ya ce. "Daga yau ba ni kiɗa ma sauri. Layin da nib bi ban tsinci hatsi ko ɗaya ba, mai shi na aka ma kirari. Kuma duk gayyar da nig ga butar can, ni da gangata gida muka komawa."

Wasu suka yi gunaguni, wasu masu gona ma suka daina kiransa, don su aikin ya ƙare da wuri suke so. Ya yi damina biyu gayyarsa ba ta da yawa. Amma iyaye mata suka tsaya masa, suka ce ba su dama furar gayyar da babu Magagi. Daga baya wani malamin kolej ya gayyace shi ya yi wa 'yan makaranta magana, shi da manjo Latifa. Ita ta yi bayanin abin da ƙwaya da sigari da giya ke yi wa jiki, shi kuma ya ba da labarin kansa, bai ɓoye ko wautarsa ta iskoki ba. Yara sun yi dariya, sannan suka kasa kunne. Yanzu kusan kowace shekara ana kiransa. Ba a ce ƙwaya ta ƙare a Kurfai ba, amma akwai gidaje da yawa da in an ambaci Magagi sai an sa masa albarka.

Shi kuwa hankalinsa na kan mutum ɗaya. Daminar da ta biyo, Yazid ya sake shiga gayya, karon farko tun ciwonsa. Magagi yana kiɗa yana satar kallon yaron. In ya gan shi ya fara wuce mutane, ya san abin da ke nan. Yazid ya riƙe tsakiya, yana tafiya sannu, yana kauce wa shuka. Can wajen azahar ya tsaya, ya jingina hauyar, ya tako zuwa inuwa ya zube kusa da kakansa, rigarsa sharkaf.

"Wash! Tsoho, na gaji. Bayana kamar shi karye. Miƙo min hurar nan."

Magagi ya ajiye makaɗin gangar ya ɗauko ƙwaryar furar da hannu biyu. Ya miƙa masa, ya juya fuska yana share ido da gefen rigarsa, yana faɗin alhamdulillahi a hankali.

"Sha, ɗan lakwal," ya ce. "Sha ka huta, ba mai korarka."