Ranar da Muryar Kakana Ta Maƙale Tsakanin Hwaihwai da Faifai

Ko zan manta ranar da na gama jami'a, ba na jin zan manta washegarin wata Babbar Sallah da na tsaya a tsakar gidanmu na Ƙofar Marke a Sakkwato, gumi na bin bayana, dangi sun kewaye ni sun zuba min ido, ni kuwa na gama sakankancewa na hallaka muryar kakana da hannuna. Shekaru sun ja, amma har yau in abin ya faɗo min sai na yi dariya.

Kakan namu, mahaifin babana, bafatake ne, jar fata ya yi ta kaiwa Kano da ƙuruciyarsa. Kafin ya rasu wani ya zaunar da shi ya ɗauki labarin tafiye-tafiyensa a kaset bakwai, aka jefa su cikin adakar matarsa, wato Kaka, aka manta da su fiye da shekara ashirin. Da Baffa, ƙanen babana mai shagon atamfa a kasuwa, ya tono su, ni ya miƙa wa, tunda ni ne "ɗan kwamhuta" na gidan. Zafin Sakkwato ya riga ya gasa zaren kaset ɗin. Sau ɗaya tak kowanne ya yarda ya juya, ina kwafewa yana marmashewa. Ke nan abin da na kwafa shi kaɗai ya rage na muryar mutumin nan a duniya. Na ce wa Kaka in kunna mata, ta ce a'a, ba za ta ji shi ita kaɗai kamar mai sata ba, sai ranar da 'ya'yansa da jikokinsa suka taru da Sallah. Na daki ƙirji na ce ta bar min wannan.

Da mai hankali ne, da sai in tura wa kowa a waya a wuce wurin. Amma ina! Lokacin ina sabon shiga aiki a wani ɗan kamfanin manhaja a unguwar Arkilla, kaina na hayaƙi. Na ce sai na gina wa kakana shafi guda a intanet, wanda ɗan uwa ko a ina yake zai latsa ya saurara. Kuma da kwantena zan gina shi, don ita nake koyo a lokacin.

Kwantena a wurinmu ba ta ƙarfe ba ce. Ɗan ɗaki ne da ake gina wa manhaja a cikin kwamfuta, ita kaɗai da kayan aikinta, ba ta ganin abin da ke ɗakin maƙwabciya. Ranar da ka rushe ɗakin, duk abin da ke ciki ya tafi ke nan. Saboda haka abin da ba ka son ya ɓata, ko wanda kake son ɗaki biyu su yi tarayya a kansa, sai ka yi masa ma'aji a waje, ka raɗa masa suna, ka buɗe wa kowane ɗaki ƙofa zuwa wurin. Turawa na ce masa bolum, mu a ofis rumbu muke cewa. Sai dai manhajar da ke gina ɗakunan tana da wani hali na munafunci: in ka kira mata sunan rumbun da babu shi, ba za ta ce maka ka yi kuskure ba. Shiru za ta yi, ta gina maka sabo fanko da wannan sunan, ta bar ka da murnarka.

Muka raba aikin da wani abokin aikina Bakano, wanda kullum muna cikin tsiya da shi, yana kwaikwayon maganata, ina ce masa su ne suka lalata Hausa. Tawa kwantenar za ta karɓi muryoyin, ta rage musu shuuu ɗin tsohon kaset, ta zuba a rumbu. Tasa kuma ta ɗebo daga rumbun ta nuna a shafi. Duka biyun a kan wata kwamfuta ɗaya da muke haya a intanet za su zauna. A waya muka yanke sunan rumbun, yana tasha zai tafi gida hutun Sallah. Na faɗa masa, ya maimaita, na ce madalla. Na gwada ɓangarena, muryoyi bakwai reras. Ya gwada nasa da wata 'yar waƙa, ta fito, ya share ta. Kowa ya ce wa ɗan uwansa an gama. Babu wanda ya yi tunanin latsa shafin ya ji ko tsohon zai yi magana. Kuma da kwamfutata ta fara kukan ta cika, na dubi kwafin da ke cikinta na ce ai suna rumbu, na goge su. Wallahi har yau in na tuna yatsan da ya latsa wannan wurin haushinsa nake ji.

Shi kuwa Baffa, tun ranar da ya ji ina waya ina cewa kwantenata da ta abokina, ya ɗauki zancen ya kai kasuwa. Duk layin 'yan atamfa sun ji ɗan wansa ya yi odar kwantena biyu. Ya tare ni a zaure ya ce, "Kwantena biyu, ɗan ga, kuma kana hawan keke? Mi ac ciki, atamhwa ko shadda?" Na yi masa bayani har bakina ya bushe. Ya gyaɗa kai, ya kashe min ido ya ce ya gane, mai arziki ba ya faɗin sirrinsa.

Ranar ta zo. Da safe na ga wani ɗan gyara a tawa kwantenar, na rushe ta na gina sabuwa, abin da muke yi sau goma a yini. Na bar kwamfutar a Arkilla don ƙarin burga, wai in nuna waya kaɗai ta isa. Bayan Azahar aka shimfiɗa tabarmi a inuwa, ƙamshin soyayyen naman layya ya cika gidan, gwaggonnina sun jeru. Kaka ta fito da sabon lulluɓi, har da kwalli. Ni jikanta ne na fari a maza, tun ina ƙarami "angona" take ce min, irin wasan kaka da jika. Ta zauna kusa da lasifikar da na aro ta ce, "To angona, tada muna tsohon mijin mu ji."

Na haɗa wayar da lasifika, na yi gyaran murya, har da ɗan jawabi a kan ci gaban zamani. Na buɗe shafin. Ga hoton kakana a sama da rawaninsa, ƙasa kuwa fari fat, babu ko ɗigo. Na sake latsawa. Na ɗaga wayar sama wai ko sabis ne. Fari fat.

A nan ne na tuna kwantenar da na rushe da safe. In da ma ban haɗa ta da rumbun daidai ba, to a cikinta muryoyin suke zaune tun farko, kuma na rushe ta da su. Kaset sun zama gari. Kwafin kwamfuta na goge. Innalillahi.

Na kira abokina a Kano, na ma manta wayar na haɗe da lasifika. Sai ga muryarsa ta cika gidan, bakinsa cike da nama: "Basakkwace! Yaya, tsohon ya yi magana?" Na ce masa ya bar wasa, ya buɗe kwamfutarsa ya leƙa rumbu, ina jin na rushe kwantena da kayan a ciki.

Baffa ya miƙe tsaye, hularsa ta karkace. "Ka rushe kwantena? Da kaya ciki? Wace tasha take? Ina da mutum Ikko, yanzu ga sai in kira shi!" Ya fara laluben aljihu. Wata gwaggona ta fara salati, wata na tambayar ko akwai mutane a ciki. Na ce Baffa don Allah, ba irin wannan ba ce. Ya ce shi ya shekara talatin a kasuwa, kwantena iri ɗaya ya sani.

Kaka ta tafa hannu ta ce, "Kishi na! Ni na sani. Tun da kaj ji za a tada tsohon miji hankalinka bai kwanta ba." Gida ya ɗauki dariya. Ita ma ta yi, amma na ga yadda ta kama bakin lulluɓinta tana murzawa, idonta na kan lasifikar. Wannan kwallin ba don mu ta sa shi ba. A lokacin na fi son a zage ni da a yi min wasan.

Lasifika ta ce, "Na buɗe rumbun namu, faifai. Wallahi babu komai a ciki."

Na ce, "Duba da kyau, bakwai na zuba cikin hwaihwai!"

"Ga ni a cikin faifan nan, ko ƙura babu."

"Kai, hwaihwai ba ya zama hwanko, da idona na gan su!"

Mun yi haka ya fi sau uku, ina ɗaga murya yana ɗagawa. Sai Kaka ta ja ƙafar wandona ta ce, "Kai ango, wanga abokin naka Bakano na?" Na ce e, Kaka, bari mu gama. Ta ce, "To ai ku biyu ba abu guda kuke kira ba. Shi yana cewa faifai," ta tsuke baki ta kwaikwaye shi har sai da mata suka kwanta da dariya, "kai kana cewa hwaihwai." Na ce cikin ƙosawa ai duk abu ɗaya ne. Ta ce, "Gare ka abu guda na. Ita na'urar taku 'yar wane gari ta?"

A nan abin ya faɗo min. Ni fa a lokacin yadda nake magana haka nake rubutu, ko a waya, kuma da alfahari nake yi. Na ce wa abokina a hankali, "Don Allah karanto min sunan rumbunka baƙi bayan baƙi." Ya fara da harafin fa. Na dafa bango. Na ce ya sa manhajar ta jero masa duk rumbunan da ke kan kwamfutar da muke haya. Ana jin ƙarar madannai daga Kano. Sai ya ƙyalƙyale da dariya har yana tari. "Akwai biyu! Wane ɗan neman magana ne ya rubuta hwaihwai? Kai, da ka faɗa a waya ai na ɗauka bakinka ne kawai!" Ashe ranar da muka yi wayar nan na faɗi nawa, ya maimaita nasa, kowa ya ji abin da kunnensa ya saba ji. Ya rubuta faifai, manhaja ta duba ba ta ga mai wannan sunan ba, ta yi shiru ta gina masa fanko. Muryoyin kuwa suna nan lafiya lau a rumbuna, rushe kwantena bai taɓa su ba.

Na ce ya juya ƙofar kwantenarsa zuwa nawa rumbun, kuma ya sa ta ta iya ɗiba kawai ban da gogewa, don na daina yarda da kowa, har da kaina. Ya ce shi hannunsa ba zai iya rubuta wannan kalma ba. Kaka ta matso bakin lasifika ta ce, "Rubuta, ɗan Kano, ko in zo in rubuta maka." Ya rubuta. Baffa ya koma ya zauna yana ƙunƙuni, wai ashe duk kwantenar nan ko yadi ɗaya babu a ciki, da wane ido zai kalli 'yan layinsu.

Na sake buɗe shafin. Layi bakwai. Na latsa na farko.

Aka ji shuuu kaɗan, sai gyaran murya, sai bisimilla, da wata murya mai kauri da rabin mutanen gidan ba su taɓa ji ba. Can bayansa ana jin wata mata na faɗa da kaji. Tsohon ya fara, "Shekarar da munka hwara zuwa Kano da hwata..." sai ya tsaya, ya juya ya ɗaga murya: "Ke! Rage muryar ga taki, ana ɗauka ta!"

Kaka, a zaune a gabanmu, ta gyara lulluɓi ta ce, "To, Malam, na yi shiru."

Wasu suka fara dariya, dariyar ta tsaya a hanya. Hawaye ya wanke kwallin nan tas, ba ta ko share ba. Baffa ya cire hula ya rufe fuska da ita. Har abokina da na manta ban kashe wayarsa ba, ban ƙara jin taunarsa ba. Sai da aka kira La'asar muka tashi.

A wannan makon na yi kwafi uku na ajiye a wuri uku, ɗaya a cikin adakar Kaka. Ta saurari mijinta kowace Juma'a har ta bi shi, Allah ya jiƙansu. Abin da na koya kuwa ban same shi a littafin manhaja ba: mutum biyu na iya cewa "to, mun yarda" alhali kowa abin da ke kansa ya ji. Tun daga ranar, duk abin da zan yi tarayya da wani a kansa, rumbu ne ko alƙawari, sai na ga yadda ya rubuta shi ya ga yadda na rubuta, mu gwada tare tun daga farko har ƙarshe, don gani ya kori ji. Rumbun yana nan har yau, kuma ban yarda an gyara masa suna ba. Bakanon da kansa yake rubuta hwaihwai.